Ranar da Na Kori Direbanmu da Turanci

Matso kusa ka ji. Lokacin da ake ta rage ma'aikatan gwamnati, kunnena ya kwashi Turancin kora a bakin maƙwabciyata Maman Nanret a Daɗin Kowa: sak, dismis, taminet. Na adana su kamar zannuwan biki.

Maigida ya yi tafiya, sai aka tsegunta min wai Ɗanladi, direban bas ɗinmu, yana lodin Bauci a ɓoye. Na kira shi, na gyara ɗaurin kallabi, na zazzage masa kalmomin nan uku kaf. Ya ce, "To, Hajiya," ya fita.

Kafin magariba aka tabbatar min wani direban ne, ba shi ba. Bawan Allah mai iyali!

Da safe sai na ji ƙugin bas a ƙofar gida. Na fito ko takalmi babu.

"Ɗanladi, ba jiya na kore ka ba?"

"Hajiya, ai ba ki karɓi makulli ba. Mu a tasha, in ba a karɓi makulli ba, hira aka yi."

Wayyo daɗi! Amma har yau in na shiga tasha, direbobi sai su hau miƙo min makullai: "Hajiya Manaja, ga nawa!" In kai ne, wace amsa za ka ba su?