Ni da Zalɓe a Ambaliyar Diggi

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na fara tuƙa motar ceto, kuma ko na so in manta, mutanen Kalgo ba za su bar ni ba. Lokacin Turawa na nan, ana ta zancen mulkin kai amma bai iso ba tukuna. Ni kuwa saurayi ne, gashin baki ya fara tsirowa (ina shafa shi fiye da yadda ya cancanta), an ɗauke ni aikin kwana-kwana bayan na gama cin wuyar karen mota a hanyar Jega.

Motar tamu ragowar motocin soja ce da suka dawo daga yaƙi. An shafe ta da jan fenti, an rataya mata ƙararrawa. Tayoyinta sun kusa kai mini ƙirji, sai mutum ya taka ƙarfe ya ɗage kafin ya kai mazaunin direba. Saboda dogayen ƙafafun nan mutane suka laƙaba mata suna Zalɓe. Da rani mu ɗora mata tankin ruwa mu kashe gobarar danni da rumbuna. Da damina a sauke tankin, a kai ta Kalgo ta zauna, don kwaso mutanen da ruwa ya tsare.

Shugabanmu Saje Garba ne, tsohon soja, dogo, wanda ba a ganin haƙorinsa sai ranar Salla. Kullum da safe sai ya jera mu ya maimaita mana dokokin shiga ruwa. Mota ba ta shiga sai wani ya wuce gaba da doguwar sanda yana auna zurfi. Giya ɗaya, ba canji a tsakiyar ruwa. Ƙafa ba ta barin totur, don in injin ya mutu ruwa ya bi ta salansa, an gama. In an fito a tattaka birki har ya bushe. Daga nan sai ya juyo ya kafe ni da ido.

"Kai kuma direba, an ɗinke ka da kujerar nan. Ko uwarka ka hango cikin ruwa, ba ka sauka. Akwai masu sauka."

To ga abin da Saje bai sani ba. Ni ɗan Malisa ne, ƙasar Gwandu, kuma ruwan da na saba da shi bai wuce na rijiya da na buta ba. Ban iya iyo ba ko kaɗan. Ga shi ina neman auren wata yarinya, Hajo, a wata tungar masunta bayan Diggi, mutanen da ɗansu ke iya iyo kafin ya iya tafiya sosai. Ranar da na je gaisuwa babanta ya dubi kakin jikina ya ce, "Ai ku masu ceton mutane, ruwa gidanku na." Na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdu lillahi, Baba." (Ban yi ƙarya ba. Godiya ga Allah na yi. Abin da ya fahimta kuma, wannan ruwansa.)

Wata safiya, gero ya fara fitar da kai, sai ga wani mutum a kan keke, laka har cinya. Ya ce gulbi ya ɓalle, ya tsinke jiragen wata tunga ya tafi da su, maza sun bi su ta gaɓa, an bar mata da yara da tsofaffi a kan wani ɗan tudu, ruwa kuma sai ƙaruwa yake yi. Da ya faɗi sunan tungar sai na ji ashe ta su Hajo ce. Tsoro ya kama ni, amma in za a faɗi gaskiya har da murna a ciki. Kafin a tada mota na riga na taje kaina na karkace hula.

Bayan Diggi kaɗan hanya ta ɓace, sai jan ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Abokin aikina Bawa ya ɗaura igiya a ƙugu, muka ɗaure ɗaya bakin a gaban mota, ya shiga da sandarsa. Na sa giya ɗaya na bi shi a hankali, ruwa na dukan tayoyi. Tuƙin nan dai na yi shi yadda ake so, ba mai cewa ban yi ba. Sai dai da muka doshi tudun na shiga kaɗa ƙararrawa ba ƙaƙƙautawa.

Saje ya ce, "Sun gan mu. Motar ja ce. Saki igiyar ƙararrawar nan."

Na juya Zalɓe na kawo bayanta kusa da tudun. Saje da Bawa suka zagaya suna ɗora mutane da kaya. Kafin ya tafi Saje ya ce, "Riƙe totur. Kada ka motsa."

Da na zauna ɗin, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma sai na hango Hajo, ta saɓo ɗan akuya a wuya, ta ɗago ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai. Sannan ga uwarta, Inna Kulu, mace mai jiki, mai sana'ar banda, ta ɗauko turmi a ka, ta ratso ruwa ta gefen ƙofata tana neman zagayawa baya. Sai Shaiɗan ya raɗa mini cewa in na karɓi turmin nan a gaban jama'a, an gama maganar aure.

Na ja birkin hannu, na tokare totur da ƙarfen tada mota, na buɗe ƙofa na tsaya a kan matakala. Har jawabi na yi. Na ce, "Jama'a, kada kowa ya tsorata. Ruwa ba ya cin wanda ya natsu." (Ban san inda na samo wannan karin magana ba, kuma ban sake faɗinsa ba har yau.) Na miƙa hannu na ce, "Inna, kawo in kama miki."

Matakalar ta jiƙe, takalmina kuma duk yumɓu. Ƙafa ta zame, na tafi ta baya, ruwa ya rufe mini fuska.

Daga can saman mota duk ruwa iri ɗaya ne a ido, ja, ba a ganin ƙasansa, kuma ni a raina ko'ina gulbi ne. Na tabbata tawa ta ƙare. Na buɗe baki in yi kalmar shahada, laka ta cika shi. Na yi ta wutsil-wutsil har hannuna ya ci karo da wani abu mai kauri, tsayayye, na ce Allah ya kawo kututture. Na rungume shi da hannu biyu, na fito da kai, na kwarara ihun da aka ce an ji shi har Diggi.

"Wayyo Inna, na mutu! Ku cece ni, ban iya ruwa ba!"

Can wata murya ta ce daga samana, a hankali, "Ɗan nan, tashi tsaye."

Idona a rufe na ce, "Ba ni iyawa, zurfi gare shi."

"Tashi dai ka gani."

Na buɗe ido. Kututturen nan ƙafar Inna Kulu ce. Ta sa hannu ɗaya ta kama wuyan rigata ta ɗago ni, ɗaya hannun na riƙe da turminta, ko girgiza bai yi ba. Na miƙe. Ruwan bai gama rufe gwiwata ba.

Ku da kuka san al'ada, ku auna. Surukar da in ka hango ta daga nesa sai ka tuɓe takalmi ka durƙusa, wadda ko fuskarta ba a kallo, ita na rungume wa ƙafa a gaban mutanen tungarsu. Hulata ta bi ruwa ta nufi Kalgo ba tare da ni ba. Hajo ta ɓoye fuska a jikin ɗan akuyar, amma ina ganin kafaɗunta na rawa. Wata tsohuwa daga bayan mota ta leƙo ta ce, "Wanga shi na mai ceton namu?"

Inna Kulu ta ce, "Shi na. Ku bar shi, sabo na."

Saje ya zagayo a natse, ya dube ni tun daga sama har ƙasa. Ya ce, "Na ce maka ko uwarka."

Na ce, "Yallabai, ba uwata ba ce. Surukata ce."

"To ta yi aikinka. Hau ka fitar da ita."

Allah ya taimake ni injin bai mutu ba, don a ɗan tsakanin nan ruwa ya ƙara hawa, ya fara lasar inda mutane suka tsaya da farko. Na hau, jiƙe sharkaf, na cire ƙarfen na ɗora ƙafa. A komawa ruwan ya fi ƙarfi, yana tura bayan motar gefe, yara suna kuka. Bawa ya caka sanda ta hagu ta nutse har hannunsa, hanya ta zaizaye a nan, ya yi mini nuni in bi dama. Ƙafata kuwa ba ta bar kan totur ba. Muka fita, na tattaka birki har ya kama. Haka muka yi ta sawu har aka kwashe kowa, da awaki da turame, ba wanda ko ƙwarzane ya samu in ban da mutuncina.

Hukuncina shi ne wankin Zalɓe ni kaɗai har ƙarshen damina, kuma Saje ya sa Bawa ya koya mini iyo a wani tafki, ina kife a kan gora irin ta masunta, mata masu wanki suna ba ni shawara.

Tungar kuwa na ƙaurace mata, har baban Hajo ya aiko a kira ni. Na je ina jiran a ce in nemi wata. Ya daɗe yana gyaran komarsa kafin ya ce, "Uwar ɗiyar ta ce wanda ya kira ta Inna da irin wagga murya, ba ta iya korar shi." Bayan kaka aka ɗaura aure. Amma har Inna Kulu ta koma ga Allah, duk ranar da na je gaishe ta aka kawo mini ruwan sha a ƙwarya, sai in ji ta daga ɗaki tana cewa, "Ku rage mai, kar shi faɗa."

Abin da na koya, wanda na yi ta faɗa wa direbobin da suka zo bayana, bai da yawa. In an ce ka zauna a kujerarka, zauna. In kuma ka ƙi ji ka faɗa ruwa, kafin ka sanar da duniya ka mutu, fara gwada miƙewa tsaye.