Wardin da na yi wa Asabe alkawari

Ba zan taɓa mantawa da akwatin gilashin nan ba, ko da kuwa na so in manta. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, ina sabon ma'aikaci a wani lambun renon tsirrai a Jos, aka kawo mana shi. Ƙasansa yashi ne, a ƙarƙashin yashin akwai wayar lantarki mai ba da ɗumi. Sai ka yanko reshen fure ka soka, ɗumin ya sa ya yi saiwa ko da garin na tsananin sanyi.

Shugabanmu, Oga Gyang, ya damƙa min shi zai tafi kwas Ibadan. "Samari, wanke wuƙa kafin ka yanka. Yashi zalla, ruwa kaɗan. Wannan ƙaramar taga kuma ka buɗe ta kullum, iska ta shiga." Na ce to. (Kunnena ne kawai a wurin. Sauran jikina yana Dutse Uku.)

A Dutse Uku akwai Asabe, ɗalibar aikin jinya, wadda nake nema da aure. Akwai kuma Goggonta da ta rene ta, wadda ta kasa gane yadda namiji mai lafiya zai ce sana'arsa fulawa. Na ƙudurta sai na nuna mata. Na yanko rassan wardi na jera a akwatin, na ce da su zan kewaye gidan da zan ajiye Asabe.

Daga nan ƙauna ta karɓi aikin. Na ga yashi zalla rowa ce, na zuba takin shanu. Na ga ruwa kaɗan mugunta ce, na shayar da su safe da yamma. Tagar kuwa, ina ni ina barin sanyin Jos ya taɓa wardin Asabe? Na rufe, har na cusa tsumma a gefe.

Gilashin ya yi gumi, ba a ganin ciki sosai, ni kuma hakan ya fi min daɗi. In na tashi aiki sai in zauna a gabansa, hazo na saukowa daga kan duwatsu, ina kallon wannan farin tururi. A cikinsa nake ganin gidanmu: jan fure ya haye katanga, Asabe na shanya a tsakar gida, Goggo na zaune a inuwa tana gaya wa baƙi cewa ita dama tun farko ta san yaron nan zai yi abin kirki.

Wata safiya na hango wani abu fari, mai laushi kamar auduga, ya lulluɓe gindin rassan. Ban ko ɗaga murfin ba, kada iska ta ɓata min aiki. Na hau keke sai Dutse Uku. "Asabe, saiwa ta fito, fara tas. Ki zo da Goggo ran Asabar."

Suka zo. Goggo ta sha lulluɓi, Asabe na bayanta tana murmushi. Oga Gyang ma, da ya dawo a ranar, ya biyo mu. Na tsaya na yi jawabi kan lantarki da zamani, sannan na ɗaga murfin a hankali.

Warin ne ya fara gaishe mu. Rassan sun yi baƙi, sun narke kamar alayyafon da ya dahu ya wuce. Farin abin nan fumfuna ce, ta yi gashi, ta mamaye ko'ina. Na ja reshe ɗaya ko zan samu saiwa guda ta fitar da ni kunya, ya rabu biyu a hannuna.

Goggo ta leƙa, ta ja mayafi ta toshe hanci. "Ɗana, wannan ne aikin da gwamnati ke biyanka? Ai ni ma ina samunsa a kan tuwo in na manta shi a kwano, kuma ban taɓa sa masa lantarki ba."

Asabe ta juya baya, kafaɗunta na rawa don dariya. Oga Gyang kuwa ya zaro tsumman nan da yatsa biyu ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

Na wanke akwatin da tafasasshen ruwa, na sake sabon yashi, na soka sababbin rassa, na bar tagar a buɗe. Wannan karon suka yi saiwa, siririya, ba ta ko kai kyan fumfunar ba. Auren ma an yi, bayan Asabe ta sha fama da Goggo, wadda har ta koma ga Allah "mai lambun tuwo" take kirana.

Abin da na koya bai da yawa. Abin da kake so, ka bar masa 'yar kafar shan iska. In kuma za ka tara surukai kallon abin mamaki, ka fara shiga kai kaɗai ka shinshina.