Manhajar da Ba Ta Jin Kunyar Kowa

Ba na jin zan taɓa mantawa da abin da ya same ni a Argungu, ranar da na tashi nuna wa dattawa cewa ni ma na san kwamfuta. Ko yanzu idan abin ya faɗo mini a rai, sai in ajiye abin da nake yi in rufe fuska, alhali ni kaɗai ce a ɗakin.

Lokacin ina amarya, ban daɗe da tarewa a unguwar Badariya da ke Birnin Kebbi ba. Na yi ɗan kwas na kwamfuta, na samu aiki a ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa da albasa a Birnin Kebbi. Aikin na gwaji ne, an ce a ga kamun ludayina tukuna. A cikin dattawan da za su yanke ko in zauna ko in koma gida kuwa akwai mahaifin mijina, wanda muke kira Baba Alhaji. Bai taɓa cewa kada in yi aiki ba, bai kuma taɓa cewa in yi ba. Duk ranar da maigidana ya ɗauko maganar, sai ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbinsa. (Wanda ya san dattawanmu ya san irin wannan shirun ya fi faɗa ban tsoro.)

Ƙungiyar tana da ayyuka birjik a wajen Augie: ginin rumbun albasa, rabon injinan ban ruwa, gyaran hanyar shiga fadama. Kowane dattijo an ba shi nasa, amma duk sanda aka zauna taro ba a sanin wa ya gama, wa bai fara ba. Sai ni da bakina da ba ya hutawa na ce ai akwai manhajar kwamfuta mai bin diddigin aiki, kuma akwai irin waɗanda masu su suka bari a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, ya yi amfani, har ya gyara yadda yake so. Shugaban ƙungiya ya dube ni ya ce, "To ɗiyata, ki zaɓo muna wadda taf fi, ki gwada muna ran taron Argungu."

Ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba don murna. Na tare a wani shagon intanet, irin na wancan zamanin da shafi guda sai ka sha ruwa ka yi hira kafin ya buɗe. Na samo manhajoji uku. Ta farko ba ta motsi sai da intanet, mu kuwa ofishinmu ko wuta sai an yi sa'a. Ta biyu kyakkyawa ce, sai dai nauyi, ina buɗe ta tsohuwar kwamfutarmu ta yi nishi ta sandare. Ta ukun ce ta tafi da ni. Aikin da aka gama sai ta sa masa kore, wanda ake kai rawaya, wanda wa'adinsa ya wuce kuwa ja wur. Har da wani wurin dannawa da zai fito da sunan duk wanda ya makara da manyan baƙaƙe. Na kamu da sonta kamar yadda mace take kamuwa da son atamfa a kasuwa, ban tsaya juya bayanta ba.

Malam Bello, sakatarenmu, shi ke riƙe da bayanin wa aka ba wane aiki. Ya ce in nuna masa yadda ake yi zai shigar da sunaye da ranaku. Na ce bismillah, don ni ina da babban aiki a gabana, wato haddace jawabi a gaban madubi da goge farin hijabina. Maigidana ya sha jawabin nan har ya fara gudu majalisa da zarar ya ji na gyara murya. Ko sau ɗaya ban leƙa abin da Malam Bello ya shigar ba.

Ranar taro muka isa Argungu da hantsi, da aron majigi da aron janareta. Ɗakin taron ya cika da manyan riguna, Baba Alhaji yana layin gaba. Na durƙusa na gaishe shi, na gaida sauran, na miƙe na fara. Wallahi jawabin ya tafi daidai. Matsala ɗaya ita ce bangon da muke haskawa ya tsufa, fentinsa ya dafe, rubutu ba ya fita sosai, amma launuka ana gani. Da na ga kawuna suna gyaɗawa sai kaina ya kumbura, na ƙara abin da ba ya cikin hadda. Na ce, "Wagga manhaja ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Ba ta jin kunyar kowa."

Aka yi dariya. Shugaba ya ce, "Madalla, irinta muka so. To gwada muna waɗanda sunka makara."

Na danna da yanga, har da ɗan juyi.

Suna ɗaya ne ya fito. Sunan surukina ne, cikakke, har da na mahaifinsa, ja wur, ga rufin rumbun albasa a gefensa.

Tun da na shiga gidansu sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Mai shagon layinmu ma da suke suna ɗaya, mai sunan Baba nake ce masa. (Kun lura ko a nan ban rubuta shi ba, kuma ba zan rubuta ba.) Na ji gumi ya tsinke mini tun daga tsakar kai.

Shugaba ya ƙanƙance ido ya ce, "Bangon ga ya yi duhu, ba mu gani. Karanta muna, ɗiyata."

Na ce, "Baba ne."

Ya ce, "Wane Baba? Duk nan babanninki na."

Na ce, "Baba Alhaji."

Rabin ɗakin alhazai ne. Nan take kowa ya fara kare kansa. Wani daga baya ya miƙe ya ce in shi ake nufi, ai ya kai injinansa tun kafin ruwa ya janye, a tambayi mutanen Augie. Wani ya ce shi dama bai yarda da akwatin nan ba. Na waiga wajen Malam Bello don ya cece ni, sai na tarar ya duƙa yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur, kuma na tabbata ba abin da ya faɗi.

A nan ne ƙwaƙwalwata ta kawo mini shawarar da ta fi kowace muni a rayuwata. Ta ce in je in tare hasken da jikina. Na taka a hankali na tsaya a gaban majigin, na ɗan buɗe hannuwa kamar mai shirin ƙarin bayani. Na manta da abin da na sa. Farin hijabi, sabo, ya sha guga, ba ko lanƙwasa. Sunan da ya ƙi fita a bango sai ga shi ya zauna daram a jikina, kowane harafi tar.

Wani tsoho ya ce, "Yawwa, tsaya nan, kar ki motsa. Yanzu munka gani da kyau."

Na ji ana haɗa baƙaƙen a hankali, kamar a ajin yaƙi da jahilci. Na matsa hagu, rabin sunan ya koma bango, rabi ya biyo ni. Na dawo dama, ya sake cika. Na roƙi Allah janaretan nan ya mutu, janaretan da ya mutu mana har ana cikin addu'ar buɗe taro, amma a wannan lokacin sai ya yi ta aiki kamar ranar da aka saye shi.

Baba Alhaji ya zaro tabarau daga aljihu, ya goge da bakin riga, ya sa, ya karanta. Sannan ya ce, "Ni na."

Ɗakin ya kece da dariya, har da masu dukan cinya. Shi bai yi ba. Ya jira aka lafa ya ce, "Gaskiya ta, ban sa anka yi rufin ba. Ku bar ɗiyar mutane ta zauna."

Maimakon in zauna sai na sulale na fice daga ɗakin. Ban san yadda muka dawo Birnin Kebbi ba. Na riga na sallama aikin, abin da nake tunani shi ne da wane ido zan sake shiga gidansu gaisuwa. Da na ba maigidana labari, maimakon ya tausaya mini sai ya kwanta a tabarma yana dariya har da tari. Na fara kuka don haushi, can kuma na ji ni ma ina taya shi.

Washegari Malam Bello ya gaya mini yadda aka ƙare bayan na fita. An amince da manhajar, an kuma tabbatar da ni a aiki, kuma Baba Alhaji ne ya fara kawo shawarar. Sai dai shugaba ya ƙara sharaɗi cewa a kowane taro ni zan riƙa karanta sunayen da suka yi ja. Na kama kai na ce na shiga uku.

Amma kafin taro na gaba an rufe rumbun albasa, kuma duk tsawon zamana a ofishin nan sunan Baba Alhaji bai sake yin ja ba. An daɗe kafin surukata ta tsegunta mini dalili, muna tsintar shinkafa. Ta ce ranar da ya dawo daga Argungu ko riga bai cire ba ya aika a kira masu rufi, yana cewa, "Ba ni sake barin yarinyar ga ta tsaya gaban mutane tana gumi saboda ni." Na sunkuyar da kai cikin faranti, hawaye suka zubo mini, don ban taɓa sanin haka nake a wurinsa ba.

Yanzu idan matasa suka tambaye ni wace manhaja za su zaɓa, nakan ce su duba ko kwamfutarsu za ta ɗauka, su duba ko tana aiki ba intanet. Amma kafin su danna komai a gaban jama'a, su fara leƙawa su ga sunan wa zai fito, sannan su tambayi bakinsu ko zai iya faɗa.