Ranar da na yi sharhin sunan Sista Rahab

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis a ƙaramin asibitin da nake aikin tafinta a unguwar Al-Naseem, can ƙasar Larabawa. Babbar nas ɗinmu Sista Rahab ce, 'yar Kudancin Kaduna, a haife ta kusa haifata. Ita ta yi wa mudir, wato shugaban asibitin, magana ya ɗauke ni aiki, lokacin da iƙamata, takardar izinin zama a ƙasar, ke dab da ƙarewa.

Muna cin shinkafar kabsa da rana, mu kusan goma, sai wani likita Bamisire ya tambaye ta asalin sunanta. Kafin ta buɗe baki na riga ta (na ɗan taɓa tarihin addinai a jami'a, zango ɗaya tak, tun daga nan ban bar kowa ya huta ba).

"Sunan wata mata ne a littafin Ibraniyawa na dā," na ce da Larabci, har da ɗaga cokali. "A Yariko take. Karuwa ce."

Likitan ya ƙura wa shinkafarsa ido. Sai a lokacin kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa.

Sista ta goge hannu, ta amsa da Larabcinta na asibiti, ko gezau.

"Haka aka rubuta. Wasu malaman Yahudawa kuma sun ce masauki gare ta, abinci take sayarwa, don a yarensu kalmar ta yi kama da ta ciyarwa. Ni ko wanne ne, bai dame ni ba. An zo kama mutum biyu, ta ɓoye su a saman rufin gidanta, ta ceci iyayenta da 'yan'uwanta. Saboda wannan kakata ta zaɓa min sunan."

Sannan ta juyo, ta ce da Hausa, a hankali, "Ƙanena, duk tsawon labarin nan, kalma ɗaya ka riƙe?"

Wallahi ita kaɗai na riƙe (ita ce ta ba mu dariya a aji). Zancen rufin gida ranar na fara jin sa.

Bayan la'asar na same ta tana jera allurai, na ce, "Anti, ki yafe min."

"Na yafe. Amma ka je ka ƙarasa karatun."

Kwana uku ina cin abinci a mota. Abin da na koya shi ne, rabin sani ba ya zama a ciki. Shi ke fara tsalle ya fito, kuma kullum rabin da ya fi muni ne.