Angon Inna Delu Na Ƙasar Norway

Ni dai a aji biyu na yi sallama da boko, amma duk Ringim ba a yi wanda zai sayar da ni ba. Akwai ɗan baffana Mudassir, injiniya a can ƙuryar arewacin ƙasar Norway. Shekara uku a jere, lokacin da azumi ke faɗowa farkon damina, ana ganin wata sai ga shi da akwati, wai kewar kakarmu Inna Delu ta hana shi sukuni. Tsohuwa ta ruɗe, ba ta kiransa sai "angona", kaji kuwa suka shiga uku. A zuwan na uku ta rantse shi za ta ba lambun mangwaronta, alhali ni nake ban ruwa tun ina da wando ɗaya. Ranar, bayan shan ruwa, har ta zaro takardar lambun ta ɗora a cinya. Na ce a raina yau sai na tsikari ƙaton nan, don na san shi, ba ya jure a raina masa ƙasa.

Na ce, "Yaya Injiniya, wai da gaske ne duk mutanen ƙasar taku ba su kai na jihar Kano ba? Ai wannan unguwa ce."

Ya aje cinyar kaza. "Kai jahili ne. Mutum miliyan biyar da ɗoriya, amma ƙasa ce doguwa kamar igiya, ga duwatsu, ga teku, ga ƙanƙara har gwiwa."

"Ƙanƙara ko a shagon Ɗan'azumi akwai. Faɗi abin da babu a Ringim."

"To buɗe kunnenka. A garinmu rana takan yi wata biyu cur ba ta faɗi ba. Sha biyun dare ka shanya kaya su bushe!"

"Haba Yaya, da bakin da ka sha ruwa yanzu? Inna, kin ji ƙarya."

"Wallahi tallahi! Yanzu haka da nake maka magana tana nan tsaye a sama. Malamai sun ce mu bi agogon Makka, to wa zai iya kai loma rana na kallonsa? Shekarar farko da na gwada, saura kaɗan a kwashe ni. Tun daga nan na ce ni da azumin can..."

Sai ya dubi Inna, ya soma lalubo murmushi. "Wato Inna, ba wai don haka ba ne..."

Inna Delu ta ninke takardar nan sau huɗu, ta tura ƙarƙashin tabarma ta zauna a kai, sannan ta jawo kwanon kazar daga gabansa ta rufe da faifai.

Ta ce, "Ashe duk kajin nan a banza suka mutu. Angon nawa ba ni yake zuwa gani ba, magariba yake zuwa gani."