Ranar da Na Tara Masu Shawara a Kaikai

Ba zan taɓa mantawa da zuwanmu Kaikai na farko ba, ko da na so in manta, domin abokan aikina sun ɗaukar wa kansu nauyin tuna mini.

Lokacin ban daɗe da gama karatun awon jini ba, ina gida Kankia ina zaman jiran tsammani, sai wata likita daga jami'a, Dakta Rabi, ta zo da bincikenta. So take ta gano yadda magunguna ke lalata hanta: farasitamol ɗin da manoma ke watsawa a baki kamar gyaɗa idan jiki ya yi tsami, da maganin tarin fuka, da jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a jarka ranar kasuwa. Aikin shi ne a nemo waɗanda idonsu ya yi rawaya, a tambaye su abin da suka sha, a ɗebi jininsu a auna. Ta ɗauke ni na gwaji, ta ce sai ta ga kamun ludayina kafin ta riƙe ni. Ni kuwa ina son aikin nan kamar raina, don na gaji da zaman majalisa.

Da ta tambayi wanda ya san ƙauyukan Kusada, tun ba ta rufe baki ba na ce na san su kamar yunwar cikina (gaskiyar magana, sau ɗaya na taɓa zuwa Kaikai, shi ma ɗaurin aure, kuma cin shinkafa ne ya fi tsaya mini a rai). Na nemo lambar mai unguwa na kira shi, muka gaisa, na ce likitoci za su zo ranar Laraba, a taimaka a tara mana masu shawara. A ɗakin awo haka muke faɗa, ba mai tsayawa cewa “ciwon shawara”. Ya ce ba komai, ai garinsu Allah ya hore musu masu shawara. Maimakon wannan amsa ta sa in tsargu, sai na garzaya na shaida wa Dakta cewa cutar ta yi katutu a can, ta ƙaro kwalaben ɗibar jini.

Ranar Laraba muka iso da hantsi. An shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, ga dattawa sun yi layi cikin manyan riguna, kowa da carbinsa. Na lura ba wanda ke kwance, ba wanda ke nishi, amma na ce a raina mutumin ƙauye akwai dauriya. Dakta ta matso ta tambaye ni a hankali ko na tabbata waɗannan ne. Na ce ta bar mini komai.

Na zura safar hannu, na nufi wanda ya fi kowa furfura (daga baya na ji shi ne limamin garin). Na durƙusa na gaishe shi, na sa yatsa na janyo fatar idonsa ƙasa. Fari fat. Na janyo ɗayan, shi ma haka. Mai hankali da nan zai tsaya, amma ni sai na ɗaga murya, wai ko ba ya ji sosai, na tambaye shi a gaban jama'arsa ko fitsarinsa yana yin ja kamar shayi.

Bai fusata ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya dube ni da idon da na bar masa, ya ce, “Ɗana, an ce likitoci na biɗar shawarar manya, muka baro aikin gona muka taho. To mi ya kawo zancen hitsari?”

Mai unguwa ya cusa fuska cikin rawani, kafaɗunsa na rawa. Kunya ta rufe ni, na ji da ƙasa za ta tsage da na shige, ga yatsana har lokacin yana kan kumatun liman na rasa yadda zan janye shi.

Dakta Rabi ce ta cece ni. Ta tuɓe takalmi ta zauna a gefen tabarma, ta ba su haƙuri, ta bayyana irin shawarar da muke nema, ta ce amma tun da sun taru, waccan ɗin ma tana so. Ai kuwa suka ba ta, har azahar: daga gyaran hanya zuwa rijiyar burtsatse, har da lokacin da ya dace ni in yi aure. A ƙarshe liman ya ce zai sanar a masallaci, marasa lafiyar su fito.

Muka juyo da kwalabe ba jini ko ɗigo. Na lafe a bayan mota, na riga na sallama aikin. Sai da muka wuce Kusada ta waiwayo ta ce, “Laraba mai zuwa kai za ka sake kiran mai unguwa. Wannan karon ka faɗi maganar duka, ba a sayen kalma.”

Aikin dai na samu, tare da suna, don har yau a ɗakin awo Mashawarci ake kirana. Abin da na koya kuwa bai taka kara ya karya ba, amma ya ishe ni: kafin ka buɗe idon dattijo, fara tambayarsa abin da ya kawo shi.