Ranar da Shanun Aro Suka Kai Ni Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da barci ya yi yaji ya bar ni ba. Ko na so in manta ma, mutanen garinmu ba za su bari ba.

Abin daga alheri ya faro. Bayan an gama kaka, 'ya'yana maza, Sani da Habu, suka durƙusa gabana suka ce, "Baba, ka yi mai wuyar. Daga bana ka ajiye fartanya, mu za mu riƙe gandu." Na ji daɗi har na dinga yi wa abokai fariya a majalisa. Na sayi carbi mai manyan 'ya'ya, na koyi tafiyar dattawa, hannu a baya. Ashe barcin manomi a ƙotar fartanya yake rataye, ranar da ka jingine ta ka jingine shi.

Da na kwanta sai kaina ya cika kamar kasuwar Ɗanbatta ranar cinta. In tuna takin zamani, in tuna rufin rumbu, in tuna ko an ɗaure akuyar da na san da hannuna na ɗaure ta. Daga nan sai matattu su fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata baƙar magana da wani dillalin gyaɗa ya yaɓa mini tun ina saurayi, sai a shekarar nan amsarta ta zo mini, daidai wa daida, ga shi mutumin ya daɗe da rasuwa (Allah ya jiƙansa, ya tafi da nasara). Ina nan ina juyi, ina jiyo numfashin matata Hajo daga ɗakinta, tana sharar barci kamar ita ta gaje shi.

"Malam, goron nan ne," in ji ta kullum da safe. "Mutum ya kwana da goro a kunci, ya ce barci ya ƙi shi."

Ba irin neman da ban yi ba. Liman ya koya mini addu'o'in kwanciya, ya ce in riƙa kwana da alwala. Zuciya kam ta yi sanyi, ido ne ya ƙi. Malamin asibiti a Tsanyawa ya ce in bar goro da shayi daga la'asar, in daina kwana da rediyo a kunne, kuma ko kusa kada in yi barcin rana (ku riƙe wannan, ni ban riƙe ba). Abokina Ɗanlami, wanda aka yi mana kaciya tare, ya ce, "Kai sakarai, ka yi ta huɗa a zuciyarka mana, kunya bayan kunya, kafin ka kai ƙarshen gona ka tafi." Na gwada. Huɗar ta yi kyau, har na zo kan iyakata da maƙwabcina, na ga kamar gambar da ta raba mu ta matso. Muka yi ta rigima ni da shi a cikin kaina har ladan ya kira asuba.

Abin da ya fi ci mini rai, ni fa a da gwanin barci ne. Muna yara, mahaifinmu kan ɗaura wa jakuna itace mu nufi Kano, mu sayar, mu ciko mangala da takin birni mu juyo. A hanyar dawowa sai ya ɗora ni bisa jakarmu mai farin baki, tsakanin mangala, shi yana biye da sanda yana 'yar waƙarsa. Ba na wuce bayan ganuwa barci ke ɗauke ni. Warin taki, ɗumin jikin jaka, ƙwas-ƙwas ɗin kofato, da sanin cewa akwai babba a baya yana kula da hanya. Nakan farka in tambaya ko mun iso, ya ce, "Koma, da saura." Har yau ban kwanta a katifar da ta kai wannan mangala ba.

To wata rana Habu zai kai taki gonarmu ta fadama, na ce ya tafi da ni in sha iska. Da ya juye muka juyo, na miƙe a cikin amalanke, shanu na tafiyarsu ta ƙasaita, ƙafafun na kuka ƙiii-ƙiii. Ban san inda nake ba sai a ƙofar gida. Jama'a, na tashi kamar an sake haihuwata.

Daga ranar na zama mai son aiki. "Ku bar mini kai taki, tsufa ba ya hana riƙe igiya." Yaran suka yi ta yabona. Ba su san sirrin ba: shanunmu sun san hanyar gida. In juye taki, in juya musu kai, in ɗaure igiya a jikin amalanke, in tuɓe riga in yi matashi da ita, in rufe fuska da buhu saboda ƙuda. Su bi burtali su kawo ni har gindin darbejiyar ƙofar gidana su tsaya. Ba wanda ya sani, ko Hajo.

A nan sai in gaya muku wani abu game da ni. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, dukiya kuwa sai hamdala, amma akwai abu guda da nake taƙama da shi: girman surukuta. 'Yata ta fari tana aure a ƙauyen da ke gabas da mu, gidan Alhaji Sabo, tana auren babban ɗansa. Ko sunanta ba na faɗa, "yarinyar nan" nake cewa, har ta yi 'ya'ya. Tun da aka kai ta ban taɓa taka ƙofar gidan ba, ban taɓa shan ruwansu ba. Idan na haɗu da Alhaji Sabo a kasuwa, sai na gyara hula, mu gaisa kowa yana kallon ƙasa. Har misali ake yi da ni a gari, a ce wane ya san kunya. Ina jin haka sai in ƙara taku.

Ana nan sai ɗaya daga cikin shanunmu ya taka ƙaya ya gurgunce. Sani ya je ya aro na Alhaji Sabo, da yake suna shirin auren autarsa, ba mai lokacin aiki da su. Ya gaya mini, na ji da kunnena. Amma ni a lokacin kwana da kwanaki ke nan ban hau amalanke ba, idona ya yi ja kamar gauta, sa kuwa a wurina sa ne.

Ranar ɗaurin auren, Hajo ta fito mini da babbar rigata. Ɗaurin aure a ƙofar gida ake yi, zuwa ba ya zubar da girma, amma na dubi fuskata a madubi na ga ba wadda za a kai gaban surukai ba ce. Na ce wa Sani, "Ka ba Alhaji haƙuri, ka ce ina kwance ba na jin daɗi." Duk suka tafi, maza da mata, gida ya rage daga ni sai kaji.

Na zauna a zaure. Ga amalanke, ga shanu suna tuƙa, ga taki a tare. Shaiɗan bai sha wahala da ni ba.

Na kai takin lafiya. Na juya musu kai, na tuɓe, na ja buhu na rufe fuska. Su kuwa bayin Allah suka yi abin da kowane san kirki zai yi, suka nufi gida. Gidansu.

Abin da ya biyo baya ban gani ba, Ɗanlami ne ya ba ni labari, kuma yana ba ni shi duk sati ko ban tambaya ba. Ya ce an cika maƙil a ƙofar gidan Alhaji Sabo, an shimfiɗa tabarmi, manyan riguna sai ƙamshin turare. Sani ya gama isar da saƙona ke nan, ana ta "Allah ya ba shi lafiya," sai ga amalanke ba matuƙi, ta ratso tsakiyar taro ta tsaya daidai bakin zaure. A ciki ga mutum miƙe samɓal, ba riga, ƙafafu duk taki, fuska a rufe. Habu ya gane wandona. Ya ɗora hannu a ka ya fara salati.

Kafin a ce haka magana ta shiga cikin gida cewa shanu sun kawo gawar Malam. Yarinyar nan ta fito a guje ba mayafi, tana kuka, Hajo na biye. Liman ya matso a hankali, ya kai hannu zai ɗaga buhun. Nan ne, in ji Ɗanlami, na saki wani minshari da ya sa san dama ya zabura.

Hajo ce ta fara magana, ta ce, "Wannan kam na san shi, da ransa." Sani ya taso zai tashe ni, Alhaji Sabo ya riƙe masa hannu. "Kul. Ba a tashin suruki. Baƙonmu ne, yau ya fara zuwa gidan nan, a bar shi ya huta." Ya sa samari suka kwance shanun, suka tura amalanken ƙarƙashin inuwa, suka tokare ta da turmi. Aka ɗaura aure da murya ƙasa-ƙasa. Har sanƙira, mutumin da ake ji daga wani gari, ranar da raɗa ya sanar da sadaki. Liman na addu'a, ni ina amsawa ta hanci.

Shafa fatiha ce ta tashe ni. Na ji "amin" ta tashi gaba ɗaya, ni kuwa a lokacin ina can bisa jaka mai farin baki. Na yaye buhu, na tashi zaune, na ce da ƙarfi, "Baba, mun iso?"

Alhaji Sabo, da rawaninsa da komai, ya sunkuyar da kai ya ce, "Kun iso, Malam. Sannu da hanya."

Ban san dariya na iya kayar da dattawa ba sai ranar. Na duba dama, manyan riguna. Na duba hagu, ga 'yata tana share hawaye tana dariya a lokaci guda. Na lalubo rigata na sa ta a bai-bai. A gefena kuwa an ajiye mini rabona na goro da alawa, a kan ragowar takin. Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da tuni an yi rijiya a ƙofar gidan nan.

Gudu ba dama, ba takalmi, kuma shanun sun riga sun shige garkensu. Aka ja ni zaure, aka kawo ruwa na wanke ƙafa. Yarinyar nan da kanta ta kawo fura, ta durƙusa ta ce, "Baba, shekara da shekaru ina roƙon Allah ya kawo ka ɗakina. Ban dai ce masa a amalanke ba." Na shanye furar tas. Girman da na daɗe ina tarawa ya riga ya zube, ban ga dalilin da zan haɗa da yunwa ba.

A daren ne na faɗa wa 'ya'yana gaskiya. Washegari Sani ya auna mini 'yar gayauna a bayan gida, ya miƙo mini fartanyata, ya ce, "Baba, ga maganinka, a sha safe da yamma." Yanzu nakan samu barci, ba kamar na da ba, amma ana maneji. Gidan Alhaji Sabo kuwa ya zama wurin hirata ranar Juma'a, da ƙafata nake zuwa, ko da yake har yau in na yi sallama sai wani ya leƙa bayana ya ce, "Yau ina direbobin?"

Abin da na koya bai da yawa. Barci ba ya zuwa sai ka saki igiya, wannan gaskiya ne. Amma kafin ka saki, ɗan'uwa, ka tambayi shanun na gidan wa ne.